Ba kowace gara ce ke cin azara ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta shawarar da aka bai wa manoma a shafinku na harkar noma, cewa duk inda aka ga suri a rushe shi a zuba magani. Ban ga laifin marubucin ba, don wanda gara ta cinye wa rumbu ba ya son jin wani dogon bayani. Amma a ba ni dama in ce an yi wa gara kuɗin goro. Nau'inta ya kai kusan 3,000 a duniya, kuma ba abinci ɗaya suke ci ba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, gara ba ita kaɗai take narkar da itacen da ta ci ba. A ƙarshen hanjinta akwai wani buhu cike da ƙananan halittu, su ne ke wannan aiki. Tun a shekarun 1920 wani masani a Amurka, L. R. Cleveland, ya gwada haka: ya kashe halittun cikin hanjin da zafi ko da iskar oksijin, ya bar garar da ranta. Ta ci gaba da gaigayar itace kamar kullum, amma cikin 'yan makonni yunwa ta kashe ta, ga ciki cike. Ita kanta 'yar gara ba da su ake ƙyanƙyasarta ba, sai ta lashi ruwan da ke fita daga bayan manya sannan ta same su. Abin ƙyama ne a ido, amma da shi gidan yake tsaye.

To, ga inda abinci ya shigo. A 2007 an binciki hanjin wata gara mai cin itace a Kosta Rika, aka tarar bakteriya masu siffar murɗaɗɗen zare, dangin Treponema, su ne suka fi yawa, tare da wasu masu farfasa zaren itace. A 2015 kuma masana a cibiyar Max Planck da ke Marburg a Jamus suka kwatanta nau'o'i daban-daban, suka ga cewa masu cin abu iri ɗaya bakteriyarsu na kama da juna ko da ba dangi na kusa ba ne. Mai cin ƙasa, irin Cubitermes, nata daban ne ƙwarai. Wani sashe na hanjinta yana da kaifi irin na ruwan toka, ma'auninsa na pH kan wuce 12, don ta iya tatso abinci daga ruɓaɓɓen ganyen da ya riga ya zama ƙasa. Wannan ba ruwanta da azararka ko gyaɗarka.

Masu manyan surin nan na dajinmu, Macrotermes, waɗanda shinge ke fitowa daga cikinsu da faɗuwar damina, noma suke yi. Suna kwaso busasshiyar ciyawa da kara, su haɗiye, su kasayar a ɗakunan cikin suri, wani naman gwari mai suna Termitomyces ya tsiro a kai ya laushe shi, sannan su ci. Duk wanda ya taɓa fasa suri ya ga wannan abu mai huji-huji, da ɗigo-ɗigon fari a jikinsa. Gaskiya ne, a wannan dangi ake samun masu ɓarna, musamman ƙananan nan Microtermes da ke shiga saiwar gyaɗa da masara. Ba na kare su.

Sai dai a tambayi manoman Tawa a Nijar masu haƙa tassa, wato ƙananan ramukan shuka, a fako. Da gangan suke zuba taki a rami don gara ta zo, ta huda ƙasa, ruwan sama ya samu hanyar shiga. Haka marigayi Yakuba Sawadogo ya farfaɗo da mataccen fili a Burkina Faso. Da sun bi shawarar da kuka buga, da ma'aikatansu suka fara kashewa.

Roƙona, Malam Edita, ku gayyato masanin ƙwari daga ɗaya daga cikin jami'o'inmu ya nuna wa manoma, da hotuna, wace gara ce ke cin saiwa, wacce ke cin kara, wacce kuma ƙasa kawai take ci, kafin a sake tura su sayen magani.

Naku,
Malamin kimiyya a wata sakandare, Katsina