Okid ba kauci ba ne

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Muna roƙon fili mu gyara wani kuskure da ya zama ruwan dare a ƙauyukanmu: duk tsiron da aka gani zaune a reshen bishiya sai a ce kauci ne, a sa adda. Kauci ɓarawo ne. Tsuntsu ke manna irinsa a reshen ɗorawa ko kaɗanya, saiwarsa ta huda itacen tana shan ruwan bishiyar, shi ya sa wurin ke kumbura. Okid kuwa, wani tsiro mai fure da shi ma kan zauna a reshe, ɗan haya ne, wurin zama kawai yake nema. Saiwarsa a bayan ɓawo take kwanciya, kana iya ɓamɓare ta da farce.

Mu ɗauki jinsin da masana ke kira Angraecum, wanda yawancinsa a tsibirin Madagaska da tsibiran kusa da shi yake. Wani Bafaranshe, Bory de Saint-Vincent, ya raɗa masa suna a 1804. Yana da iri sama da 200, cikin babban gidan okid mai iri kusan 28,000.

Da fure ake gane ɗan gidan nan, ba da ganye ba. Furen na da kunnuwa uku a waje, uku a ciki, ɗaya daga na cikin ya buɗe kamar leɓe. Namiji da macen furen a haɗe suke a sanda guda, ƙurar furen kuma a dunƙule take, iska ba ta ɗaukarta. Abin da ya ware Angraecum shi ne kara ɗaya da ke ta hawa sama, babu kumburin ajiyar ruwa a gindi, fure fari mai ƙamshi da dare, sai dogon bututun zuma a bayan leɓen.

A irin da ake kira sesquipedale, bututun ya kai santimita 30. Darwin, masanin halittu ɗan Ingila, ya ce a 1862 lallai akwai ƙwaro mai baki tsawon haka. A 1903 aka bayyana wani malam-buɗe-littafin dare da ya dace, amma sai a 1992 aka gan shi yana sha. In ƙwaron ya ƙare, furen ba zai ƙulla iri ba.

Masu sayen irin wannan okid a wajen 'yan fulawa su lura. Shuka iri ɓata lokaci ne: kamar ƙura yake, ba shi da guzuri irin na gero, sai wani naman gwari ya ciyar da shi kafin ya tsiro. Kada a binne saiwa a ƙasa ko taki, za ta shaƙe ta ruɓe. A cika tukunya mai huji da yawa da gawayi, gutsure kamar girman goro, da ɓawon kwakwa, a rataye a inuwar mangwaro. A ba shi ruwa da safe har saiwa ta juya daga fari zuwa kore, a bari ta sha iska kafin na gaba. Ruwan sama ya fi, domin na wasu burtsatse yana barin gishiri ya ƙone bakin saiwa. In ruwa ya kwana a tsakiyar ganye, sai kan tsiron ya ruɓe, kuma da yake kara ɗaya ne, yawanci shi ke nan. Takin zamani, rubu'in abin da aka rubuta a kwali ya isa.

Babban abokin gabarsa a nan hunturu ne. Ɗan tsibiri ne, ya saba da laima, don haka a riƙa yi masa feshi kullum, a kare shi daga iska da zana. Sesquipedale ba ya son a taɓa masa saiwa. Sauya masa tukunya kan sa ya yi shekaru bai yi fure ba.

Kauci dai a sare reshen daga bayan kumburin, in ba haka ba zai sake tohowa.

Daga wasu malaman gona, Gwaram, Jihar Jigawa.