Wasiƙa daga Damagaram: ɓarawon da ke cin shu a garkata

Aminina Malam Habu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, yaya sanyin Arlit? Mu nan lafiya lau, sai hunturu da ya sa mu gaba. Inna tana gaishe ka, ta ce har yanzu tana jiran shayin da ka yi mata alkawari.

Ka tuna 'yar garkar nan tamu ta kan hanyar Miriya? Bana shu na dasa, wanda mutanen Kano ke kira kabeji, fangali shida, tun cikin Nuwamba. Ya tashi gwanin sha'awa, har na fara lissafin abin da zan samo a kasuwar Dole. Kwatsam wata safiya na tarar da ganyen ya huhhuje kamar rariya.

Ka san ni da saurin fushi. Nan take na ɗora wa akuyar maƙwabcina laifi, na je har ƙofar bukkarsa ina faɗa. Dattijon bai tanka ba, ya biyo ni, ya tsuguna gindin shu ɗin ya ce, "Ɗana, akuya ba ta yin aikin allura. Da ita ce, da kututture za ka tarar da sawun kofato." Na ce to fara ce. Ya ce fara daga bakin ganye take gutsura ta yi ciki. Wannan kuwa 'yan ƙananan huji ne a tsakiya, wasu ma ba su ɓule ba, an kankare ƙasan ganyen an bar fatar sama siririya kamar leda, kana hango hasken rana ta ciki.

Sai ya juya ganyen. Ga ta nan kwance, koriyar tsutsa, da kaɗan ta fi ƙwayar shinkafa. Ya taɓa ta da tsinke, ta yi ta mutsu-mutsu da baya, ta saki jiki ta rataye a jikin zare kamar gizo-gizo. Wallahi mako biyu ina ban ruwa a wurin, ban taɓa duba bayan ganye ba.

Malamin gona da na kai wa ganyen ya ce uwarta wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai launin toka, da almuru yake tashi ya yi ƙwai a jikin ganye. In zafi ya fara shigowa, cikin mako biyu zuwa uku ƙwan ya zama uwa, shi ya sa take cika garka ba ka ankara ba. Ya kuma hana ni sayen maganin bakin kasuwa, ya ce wannan tsutsa ta saba da yawancinsu, sai ka kashe kuɗinka ka kashe ƙwarin da ke cin ta, ita tana nan daram.

Akwai wasu gindi bakwai da suka ƙi dunƙulewa, suka fito da 'yan kawuna uku-uku. Ashe wata tsutsar ce daban, wadda ke shiga zuciyar shukar tun tana ƙarama, ta bar kashinta da yana a wurin. Su kam ba su da magani, na tuge su.

Yanzu 'ya'yan dogon yaro nake dakawa, rabin kilo a ruwa lita 10, ya kwana a jiƙe, in tace da tsumma, in sa ɗan sabulu, in fesa da yamma ta ƙarƙashin ganye, duk mako. Yara kuma suna tsince wadda suka gani da hannu. Sabon ganyen da ke fitowa dai ya fi na da kyau.

Ganyen da ya lalace na kwasa na kai wa akuyar nan, dattijon yana ta yi mini dariya. In kana tafe kafin zafi, za ka tarar da kwaɗon shu da ƙuli-ƙuli. Kada ka manta da shayin Inna.

Naka har kullum,
Isufu