Wasiƙa zuwa Kwatano: kafin ka taho Maraɗi da gitar bas ɗinka

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Mutanen gida duk lafiya lau, suna gaishe ka. Saƙonka ya iso, kuma na ji daɗi ƙwarai da ka ce za ka dawo gida a watan Disamba da bas ɗinka da ampili, wato na'urar ƙara mata sauti, ka shiga ƙungiyar masu kiɗan biki. Allah ya kawo ka lafiya. Sai dai lokacin da ka zaɓa shi ne mafi tsanani ga kayan kiɗa a garin nan, shi ya sa na zauna na rubuto maka dalla-dalla.

Gitarka ta yi shekaru tana shan iskar bakin teku, katakonta cike yake da laima. Za ka kawo ta tsakiyar hunturu, lokacin da iska ta bushe ƙayau. Ka san yadda ƙofar katako take kumbura da damina har ta ƙi rufuwa, da hunturu kuma ta tsuke ta bar kafa. Wuyan bas ma haka yake yi. Idan ka iso, kada ka yi ɗokin buɗe ta a tsakar gida. Bar ta cikin akwatinta a ƙuryar ɗaki kamar mako guda. Samo ƙaramin gwangwanin sabulu na roba, ka huda murfinsa, ka sa soso mai ɗan jiƙa a ciki wanda ba ya ɗiga, ka ajiye cikin akwatin inda ba zai taɓa katako ba. Kana duba shi bayan kwana biyu-biyu. Katakon gita ya fi son laimar iska tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, kuma hunturunmu yana yin ƙasa da haka nesa.

Duk da wannan, za ka ji bakin ƙarafunan gaɓoɓin wuya sun fara leƙowa suna kartar tafin hannunka. Ba lalacewa ba ce, katako ne ya tsuke, ƙarfe kuwa bai tsuke ba. Jira sai wajen Fabrairu ko Maris da bushewa ta kai iyakarta, ka liƙa salatif a gefen katakon, ka goge bakin kowane ƙarfe da ƙaramin magagari mai laushi. In ka yi sau ɗaya da kyau, ba safai ake maimaitawa ba. Fuskar wuyan, in baƙin katako ne marar fenti, ɗigo uku ko huɗu na man da ake sayarwa don gita sun isa, sau ɗaya ko biyu a shekara, ka shafa ka goge. Don Allah kada wani ya ba ka shawarar man gyaɗa don yana da araha a nan: yana yin danƙo, yana wari, yana tara ƙura. In farin katako ne mai sheƙi, tsumma kawai yake so.

Yanzu saitin wuya, wanda shi ne na fi so ka iya da hannunka, don sau biyu a shekara zai buƙace ka: shigowar hunturu da faɗuwar damina. Fara da ɗaure tsirkiyoyi daidai, Mi, La, Re, Sol. Danne tsirkiyar Mi a gaɓa ta farko, wani ya danne maka ita a gaɓa ta ƙarshe, ka dubi tazarar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarfen gaɓa ta 8. Abin da ake so kamar milimita 0.3 ne, wato kaurin katin gayyata mai ɗan ƙarfi ya shiga da ƙyar. In tazarar ta yi yawa, wuyan ya lanƙwaso gaba, tsirkiya za ta yi nisa, yatsu su gaji. Sai ka ɗan sassauta tsirkiyoyi, ka juya sandar ƙarfen da ke cikin wuya zuwa dama, rubu'in zagaye kawai, ka sake ɗaurewa, ka bar ta ta kwana kafin ka ƙara. In babu tazara sam, kuma gaɓoɓi biyar na farko suna zizara, juya hagu. Makullin alen ya zama daidai bakinsa. Yawancin gitocin da ake ƙerawa a Asiya milimita 4 ko 5 suke ci, na Amurka kuwa da inci ake auna nasu, kuma makullin da ya yi sako-sako zai cinye bakin notin, daga nan gyara ya zama babban aiki. In ka ji sandar ta cije, tsaya. Karyewarta ita ce asarar da ba ta da sauƙi.

Sai wuya ya zauna kake taɓa jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi suke hawa a jikin gitar. A gaɓa ta 17, tsirkiyar Mi ta tashi kamar milimita 2.4 daga ƙarfe, ta Sol kamar milimita 2. Mai nauyin hannu ya ƙara kaɗan. Bayan nan ka gwada gaskiyar sauti: kaɗa tsirkiya a sake, sannan ka danne ta a gaɓa ta 12, na'urar saiti ta nuna maka sauti ɗaya. In na gaɓa ta 12 ya haura, ja sirdin wannan tsirkiyar, wato ɗan ƙarfen da take zaune a kansa a kan jaki, baya da turnabis don tsawonta ya ƙaru. In ya gaza, matso da shi gaba. Masu yin wannan kafin su daidaita wuya aikin banza suke yi, don duk awon zai sake canzawa.

Tsirkiya ka sayo ta tun a can, aƙalla saiti biyu, masu lamba 45, 65, 85, 105. A nan ba kullum ake samu ba, sau da yawa sai an aika Yamai ko Kano. Gumi da ƙura su ne ke kashe ta, su shiga tsakanin naɗin ƙarfen su toshe amonta. Goge kowace tsirkiya sama da ƙasa da busasshen tsumma duk lokacin da ka gama, ka wanke hannu kafin ka fara, musamman bayan cin abincin biki. In sun dushe kuma babu sababbi, dafa su cikin ruwa minti 10 zuwa 15, ka shanya su bushe sarai. Za su farfaɗo na ɗan lokaci, amma ba a yi wa saiti ɗaya haka fiye da sau biyu. Wajen sa sabuwa, bar kamar santimita 8 zuwa 10 bayan maɗaurinta, lanƙwasa bakin kafin ka yanke, naɗi biyu ko uku suna gangarowa ƙasa. Ɗaya bayan ɗaya ake canzawa. Tsofaffin kuma kada ka yar, su ne za su cece ka ran da wata ta tsinke a ƙauye.

Ƙura kuma tana shiga maɓallan ƙara sauti, ka ji suna ƙarar-ƙarar in ka murɗa. Feshin wanke mahaɗin lantarki, wanda yake bushewa nan take, shi ake fesawa kaɗan a ciki a murɗa sau da yawa. Ramin jak, inda ake soka waya a jikin gitar, yana kwancewa, kuma in ka ɗaure notinsa ta waje ba ka riƙe shi ta ciki ba, zai juya ya tsinke wayoyin da aka liƙa da dalma. Ratsa wayarka ta bayan maratayi kafin ka soka, don in an taka ta kada ta fizge ramin. In bas ɗinka mai pil ce, mai volt 9, zare jak duk lokacin hutu, don soka shi ne ke kunna ta. Pil mai mutuwa yakan fara da sautin da ke dagulewa kafin ya yi shiru, ka riƙe na ajiya.

To, ga abin da ya fi ƙona wa mutane kaya: wuta. Tamu volt 220 ce. Dubi bayan ampilinka, in an rubuta 110 ko 120, to na Amurka ne, sai da taransifoma, kuma soka shi kai tsaye sau ɗaya ya isa ya kashe shi. Yawancin bukukuwa da gurup, wato injin ba da wuta, ake yi, ko a cikin gari, balle Tibiri, Madarumfa ko Gidan Rumji. Ka tara adadin wat da aka rubuta a bayan duk kayanku, gurup ɗin ya fi wannan jimla da rabi ko ya ninka ta. A tada shi, a bar shi minti biyar ya daidaita, ka auna da mita a bakin soket. In ya gaza 200 ko ya wuce 240, kada ka soka komai. Ka tambaya ko an haɗa firiza ko injin markaɗe a kan layin, don duk tashinsu sai wuta ta faɗi ta dawo da ƙarfi. Regilatar wuta tsakanin gurup da ampili ba almubazzaranci ba ne. Ampili shi ne ƙarshen kunnawa, shi ne farkon kashewa. Da ka ji muryar gurup ta fara hawa da sauka, mai ne ke ƙarewa: kashe ampili tun kafin ya mutu da kansa. Wayar ralanj mai naɗi a warware ta duka, in ba haka ba tana zafi, kuma kaurin tagullar cikinta kada ya gaza murabba'in milimita 2.5.

Wannan kuma maganar rai ce, ka riƙe ta da kyau. Tsirkiyoyin bas a haɗe suke da jikin ampili. In babu wayar ƙasa, ko wani kaya yana yoyon wuta, hannunka na kan tsirkiya leɓenka ya taɓa makirfo, kai ne hanyar da wutar za ta bi. Kafin a fara, sa mita a ma'aunin wutar gida, baki ɗaya a tsirkiya, ɗaya a ragar makirfo. In ta nuna fiye da ƴan volt kaɗan, a nemi dalili tukuna. Kada ka yarda a karya ƙafar ƙasa ta fulogi don a kashe gunjin sifika. A kafa sandar tagulla a ƙasa kusa da gurup, a zuba mata ruwa, don busasshen yashinmu ba ya ɗaukar wuta sosai. Da damina kuwa, kada ka yi kiɗa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa babu takalmi a ƙafarka.

Game da sifika: biyu masu om 8 (om shi ne awon turjiyar sifika ga wuta) in an haɗa su gefe da gefe sun zama om 4, wanda yawancin ampili ke ɗauka. Biyu masu om 4 sun zama 2, ampilin da ba a yi shi don haka ba zai yi zafi ya ɗauke. Wayar gita ba ta zama wayar sifika, siririya ce a ciki.

A fili ake kiɗanmu, ƙarƙashin rumfa, babu bangon da zai maido da sauti, saboda haka bas tana ɓacewa. Kowa sai ya ruga ya murɗe maɓallin ƙasa na ampili, wato na kakkauran sauti, har ƙarshe, sifika ta yi ta haki, ba a jin komai sai gunji. Tsirkiyar Mi a sake tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa, ƙananan sifikoki ba sa iya fitar da wannan da ƙarfi. Bar maɓallin ƙasa a tsakiya, rage maɓallin sautin da ke kaɗawa wajen sau 250 a daƙiƙa in sauti ya yi laka, ƙara kaɗan wajen 700 zuwa 800, nan ne kunne ke gane abin da kake kaɗawa. Ka tuna kuma rabin mutanen da za su ji ku a waya za su ji ku, cikin bidiyon da ake turawa ta WhatsApp, kuma sifikar waya wannan tsakiyar kaɗai take fitarwa. Ajiye akwatin sifika a ƙasa, jikin bango in akwai, ka ɗan karkato shi ya dubi kunnenka. Inda akwai ganguna, ampilin da ya gaza wat 300 wahala zai sha, gara ka aika layi zuwa babbar sono, wato manyan sifikokin taron.

Ka zauna da mai piyano tun ranar gwaji ta farko. Da yawa sun saba su kaɗai ne ƙungiya, hannun hagunsu da bas ɗin cikin na'ura suna cika wurin da kai za ka tsaya. Cikin ladabi ka roƙe shi ya kashe wannan, ya matsar da hannunsa wajen siraran sautuka. Kunnenka kuma ya kasance kan gangar ƙafa, ku faɗi tare. Inda akwai kalangu, ni a ganina babu kuskuren da ya kai ka bi shi kana cika kowace kafa. Kalangu magana yake yi, yana hawa yana sauka. Kai riƙe tushen sauti da na biyar ɗinsa, ka bar masa fili ya yi kirari. In liƙi ya kankama, zagaye ɗaya zai iya kai ku minti ashirin ba tsayawa, kuma aikinka shi ne kada gudun ya ƙaru ko ya ragu. Ƙara sautin ampili ka sassauta yatsu, ka sa maratayi mai faɗin santimita 7 ko 8, don kilo huɗu a kafaɗa har tsakar dare ba wasa ba ne.

Kafin ku amsa kowane biki, a yi magana a fili kan kafin alƙalami, wa zai kawo gurup da mai, wa zai biya mota, da lokutan tsayawa don salla. Bas kada ta hau kabu-kabu a jakar yadi in akwai yadda za a yi, kuma kada a bar ta cikin rufaffiyar mota da bazara, lokacin da zafin inuwa ma yake wuce 40. Bayan tafiyar hanyar ƙauye, bi notocin sifika da na maratayi ka ɗaure. Ampili a rufe shi da zane in ba ya aiki, a kai wa mai gyara ya hure masa ƙura ƙarshen hunturu. Kada ka buɗe shi da kanka, yana riƙe wuta ko bayan an zare shi.

Cikin jakarka kullum a samu waya biyu, fiyus irin na ampilinka, pil, makullan alen, turnabis, filaya, salatif, mita da tocila. Rubuto mini sunan ampilin da abin da aka rubuta a bayansa, da yawan om na sifikarka, in nemo maka regilatar da ta dace kafin ka iso. Ka sanar da ni ranar da za ka taso, in tarye ka a tasha.

Ka gaida maiɗakinka da yara, da duk ƴan Maraɗi da ke nan Kwatano.

Naka har kullum,
amininka daga Maraɗi