Na aje alli amma kwanon tuwona bai san na yi ritaya ba

Malam Edita assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya aiki ya haƙuri da mu masu dogon zance. Don Allah a ɗan ba ni fili in faɗi wani abu da ya same ni bayan na bar aiki, don na lura ba ni kaɗai ba ne, rabin majalisarmu ta nan Mabera duk jirgi ɗaya ya kwaso mu.

Ni malamin firamare ne, na kama aiki 1986 a wani ƙauye can wajen Wurno, lokacin keke gare ni kuma in damina ta kankama keken ma ɗaukarshi kake yi bisa kai ka ƙetare ruwa. Daga baya anka maido ni cikin gari amma duk da haka kullum ƙafa ce, in tafi makaranta in dawo, in wuni tsaye gaban allo tun ƙarfe takwas, ga bin yara, ga zagayen aji, ranar Asabar kuma gona. Shekara 35 ban taɓa cewa yau bari in motsa jiki ba, kalmar ma sai a rediyo nike jinta. Kuma ci nike yi ba na wasa ba, hura kwarya guda da rana, da dare malmala uku ta tuwon dawa da miyar kuka, in kwanta in tashi garau ko ciwon kai babu.

To 2021 na aje alli. Dokar da Buhari ya sa ma hannu a 2022 wadda ta kai ritayar malamai shekara 65 ko 40 na aiki, ni a gida ta iske ni bisa tabarma. Abin da ban lura da shi ba shi ne duk wannan kai-komo da ke ƙone abincin nan ya tafi tare da aikin rana ɗaya, shi ko kwano yana nan yadda yake, har ma ƙaruwa ya yi. Dubi yadda wunina ya koma: asuba a masallacin ƙofar gida wanda bai fi taku ashirin ba, daga nan teburin mai shayi, shayi mai kauri da madara da sukari cokali huɗu da burodi, sai majalisa ƙarƙashin dogon yaro har azahar, a sha hura da sukari a kwanta, bayan la'asar a koma majalisa. Kuma tunda an san kai yanzu ba ka da aiki duk ɗaurin aure da suna da walima na unguwa kai ne wakili, kowane kuma shinkafa ce tana ninƙaya cikin mai da lemun kwalba mai sanyi, in za ni ko nan da bakin titi sai in tada mashin.

Cikin shekara ɗaya da 'yan watanni tumbi ya fito, riguna sunka matse, mutane kuma sai yabo, kai Malam hutu ya karɓe ka, Malam an yi fes. Ni ma har ina jin daɗi wallahi, don mu nan in mutum ya yi ƙiba cewa ake ya samu. Sai ciwon kai ta ƙeya, sai jiri in na ɗago daga ruku'u, da dare in tashi fitsari sau uku sau huɗu. Uwargida ce ta matsa sai na je asibiti, ni da na so in sha jiƙo in yi shiru.

Da anka auna jinina 160 bisa 100, anka ce in dawo wata rana anka sake aunawa kusan haka dai, sukari kuma yana bakin iyaka bai dai ƙetara ba. Likitan yaro ne sa'ar ɗana, yac ce Baba daga 140 bisa 90 in ya zauna nan hawan jini ake kiranshi, mi ya canza a rayuwarka kwanan nan? Na ce ba komi, hutu kawai nike yi. Ya yi dariya yac ce ai hutun ne, kiɗa ya canza Baba kai ko kana nan kana tsohuwar rawa. Ya rubuta min magani kuma ya zauna ya yi min lissafi irin wanda nike yi ma yara a allo. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato minti 30 sau biyar, tafiya mai ɗan sauri ma ta isa. Gishiri kar ya kai giram 5 a wuni, kwatankwacin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙulen miya da ake marmasawa yana cikin lissafin don mafi yawanshi gishiri ne, ni da ban taɓa sanin haka ba. Ƙaramar kwalbar lemo ɗaya kuma sukarinta ya kai wajen cokali tara. Na tuna ranar da na sha uku a walima ɗaya, na yi shiru.

Farkon abin da na yi shirme ne, gara in faɗa. Na shiga kasuwa na sayi kambas da wandon 'yan ƙwallo na ce kullum zan tafi filin wasa na Giginya in yi zagaye kamar yadda matasa ke yi. Kwana huɗu na yi. Ga nisa, ga kunya tsoho da furfura cikin yara suna ta sannu Baba, ga shi lokacin bazara ne, wanda ya san Sakkwato daga Maris zuwa Mayu ya san zafi na wuce 40, ƙarfe tara na safe rana ta riga ta zama wuta. Kambas ɗin na nan ƙarƙashin gado, jikana ke jiran ƙafarshi ta kai.

Abin da ya riƙe ni daga baya ba wani sabon abu ba ne. Wani abokina tsohon ma'aikacin gona da munka daɗe tare shi ya ba ni shawara, yac ce kai duk abin da za ka ƙirƙiro sabo za ka bari, ka ɗaura tafiyar ga abin da ba ka iya bari. Mi ne ne ba ka iya bari? Salla. Sai na bar masallacin ƙofar gida ga sauran salloli, asuba kuma na koma wani masallaci da ke da tafiyar kamar minti 15, zuwa da dawowa minti 30 ke nan, kuma lokacin gari da sanyi-sanyi ba ƙura ba hayaƙin mashina, ba wanda zai ce tsoho na tsere don da jallabiyata da tasbahata nike tafe. Har limamin can ya tuna muna da hadisin Banu Salima da sunka so su taso su dawo kusa da masallacin Annabi (SAW) yac ce su zauna gidajensu ana rubuta musu takunsu. Na ce to ashe riba biyu ce. Da anka cire tallafin mai a Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, mashin ɗin ma na jingine shi sai ta kama dole, wannan kam ba dabarata ba ce aljihu ne ya yi hukunci.

Amma fa mutanenmu ba su barin mutum ya yi tafiyar ƙasa cikin kwanciyar rai. Ɗan kabu-kabu zai tsaya, Baba hau in kai ka kyauta, tsohon ɗalibinka zai taka burki da mota ya rantse sai ka shiga, in ka ƙi ya ga kamar ka raina shi. Da tumbin ya fara sauka kuma sai zance ya juya, masu cewa hutu ya karɓe ni su ne ke tambayar uwargida a ɓoye wai Malam lafiya kuwa, ko fansho ne ya maƙale. Wannan tunani namu na cewa rama talauci ce ƙiba arziki shi ya fi komi wahalar yaƙi, ya fi barin sukari wuya.

Wajen abinci kuwa sai da anka yi zaman sulhu da Hajiya don tukunya tata ce. Tac ce Malam miya ba dunƙule ai ruwan zafi ce, na ce to a rage dai. Daga huɗu munka koma ɗaya, ta ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa, sati biyu na farko kowa na gunaguni daga nan harshe ya saba. Malmala uku ta koma ɗaya da rabi, miya ta fi yawa. Hurata ina sha amma ba sukari, da nono mai kyau ai ba ta buƙata. Sai kuma munka koma ga abubuwan da munka taso da su munka yar wai don mun zo birni, kwaɗon zogale da ƙuli, rama, tafasa, dambu, hoce, wake, ga yalo da kankana da karas da salak da ake kawowa daga fadamar Kwalkwalawa lokacin rani. Abin haushi shi ne in baƙo ya zo ka aje mishi kwaɗo sai a ce ka wulaƙanta shi, dole sai taliya da lemo. Lemun biki kuwa da farko kawowa nike yi gida in ba jikoki, sai Hajiya tac ce wato ciwon da kake gudu shi kake raba ma yara, tun daga nan nike barinshi inda na gan shi.

Kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awai, ba 'yan fansho kaɗai ba ne. Ɗana da ya samu aikin ofis a Abuja, yaron da ke buga ƙwallo kullum da marece, yanzu daga kujera sai mota sai indomi da ƙwai ƙarfe goma na dare. Ɗiyata da ta haihu bara anka tsare ta kwana arba'in ana ɗura mata kunun kanwa safe da marece, ƙafafunta sunka kumbura, sai da likita ya yi muna faɗa yac ce kanwa ma gishiri ce ga jiki kuma tana iya wahalar da zuciyar mai jego, nan ma sai da anka sha daga da tsofaffin gidan mijinta kafin a rage. Mata ma su abin ya fi shafa, da can daka da surfe da jan guga sun ishe su, yanzu inji ke niƙa mai ruwa ke kawowa, kuma ba wadda za ta fita titi tana zagaye a ƙyale ta da baki. Hajiya dai ta samo tata hanyar, Islamiyyar da take zuwa ta daina hawa Keke Napep, su uku suke tafiya da ƙafa da maƙwabtanta suna hira.

Ba wai na zama gwani ba ne. Babbar Sallar da ta wuce kwana biyar ina kan soyayyen nama, sanda yayana ya rasu kuma munka yi mako muna zaman gaisuwa ban taka ko'ina ba, abin da anka kawo shi nike ci. Da hunturu ma akwai asubar da sanyi da ƙura ke sa in laɓe masallacin ƙofar gida. Sai dai tunda asubar gobe na nan tafe, komawa ba ta yi min wuya kamar yadda komawa Giginya ta gagare ni. Maganin hawan jinin kuma ina sha kullum ban bari ba, na faɗi wannan don akwai wani a majalisarmu da ya ga ya ɗan samu sauƙi ya aje nashi, yanzu ɓarin jikinshi ɗaya ba ya aiki, Allah ya ba shi lafiya. Awo na na baya-bayan nan 132 bisa 84.

Roƙona gare ka Malam Edita, yadda kuke ba siyasa shafi huɗu ku ɗan ware ko rabin shafi ga likita ya riƙa yi muna bayani da Hausa kan irin abincinmu na nan, tuwo da hura da ƙosai, ba abincin da sai a kantin Abuja ake ganinshi ba. Ma'aikatu kuma in za su sallami mutum, bayan takardar fansho a auna mishi jini da sukari a gaya mishi abin da ke jiranshi bisa tabarma. Mu dai masu tafiyar asuba yanzu mun zama biyar, ɗaya da sandarshi yake binmu a baya, in mun kai kwana sai mu tsaya mu jira shi.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Naku,
Tsohon malamin firamare,
Mabera, Sakkwato