Wasiƙa zuwa ga ɗana a kan motar da ke kwance a gareji

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da yara, kamar yadda muke a nan. Mahaifiyarka tana gaishe ku, kuma da saninta nake rubuta wannan takarda, domin maganar da ke ciki ta daɗe tana damun mu biyun. Na zaɓi in rubuto maimakon in kira ka a waya, saboda na san halinka: za ka yi shiru har in gama, ka ce mini "to Baba", a bar maganar a nan. Takarda kuwa za ta zauna a hannunka, ka karanta ta a natse, ka sake karantawa.

Ƙanwarka ta dawo daga Kaduna, kuma kada ka ga laifinta, domin ba ƙararka ta kawo ba, mahaifiyarka ce ta matsa mata da tambaya har ta faɗa. Abin da muka ji shi ne babbar motarka tana gareji tun kafin Babbar Sallah, cewa giyabos ɗinta ya tafi, an sa mata wani na Beljiyam, bai jima ba shi ma ya fara fizga, yanzu kuma bakanike ya ce injin yana shan baƙin mai, sai an sauke shi an duba. Mun kuma ji cewa kana neman rance a wurin aiki domin ka tayar da ita, yayin da ƙaramar motar ce ke ɗauke da dukan hidimar gida, kai yara makaranta, kai iyalinka wurin aikinta, cefane, asibiti, har da zuwanku Kano. In akwai abin da ba daidai ba a cikin wannan labari, ka gyara mini. In kuwa haka yake, to ka saurare ni.

Lokacin da ka sayi motar nan ban hana ka ba, kuma ba ni da dalilin hana ka, domin a wannan zamanin albashinka yana iya ɗaukar ta. Amma lissafin da ka yi a wancan lokaci ya rushe, kuma ba kai ka rushe shi ba. Kafin ranar 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare, litar mai ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. A cikin 'yan kwanaki ta koma wajen 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. Mota mai silinda shida, wadda ko a da can ba ta san tattali ba, ta zama wata hidima mai zaman kanta a cikin gida. Wannan shi ne wanda kowa yake gani a gidan mai. Wanda ya fi shi cizo, kuma mutane ba su cika lura da shi ba sai sun je gareji, shi ne faɗuwar naira. A watan Yuni na 2023 aka saki farashinta, dala da take wajen naira 460 a hukumance ta wuce 1,500 a farkon 2024, kuma babu wani abu a jikin motarka, daga fulogi har zuwa giyabos, da ba da dala aka shigo da shi ƙasar nan ba. Ɗan kasuwar da ke Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a nan Kano, daga Legas yake sarowa, na Legas kuma daga jirgin ruwa, kowannensu da farashin dala yake kwana yake tashi. Saboda haka idan bakanike ya faɗa maka kuɗi ka ji gabanka ya faɗi, ba lallai ne cutarka yake yi ba. Kasuwar ce ta koma haka, albashi kuma bai bi ta ba.

Akwai kuma abin da ya shafi ita kanta motar. Kayan Beljiyam tsoho ne da wani ya gama amfani da shi a wata ƙasa, ba wanda ya san tafiyar da ya yi, kuma garantin da mai sayarwa yake bayarwa na 'yan kwanaki ne, in sun wuce asarar taka ce kai kaɗai. Ka riga ka ɗanɗana wannan a giyabos, kuma babu abin da zai hana ka sake ɗanɗanawa a injin. Motar da ta kai shekarun taka ba ta lalacewa wuri ɗaya ta tsaya: yau giya, gobe lagireto, jibi ƙafa, sannan wata fitila ta kama a gaban direba wadda sai an sa kwamfuta kafin a san abin da take nufi, ita ma kwamfutar da kuɗinta. Zamanta a gareji ma ba kyauta ba ne. Batir yana mutuwa, tayoyi suna sacewa su tsage, ɓera yana cin waya, takardu suna ƙarewa, inshorar da ake biya naira 5,000 ta koma 15,000 tun Janairun 2023, kuma kullum ta ƙara kwana a can, abin da mai saye zai taya yana raguwa.

Shawarata ita ce ka sayar da ita yadda take, kada ka ci bashin ko sisi a kanta, ku zauna da mota ɗaya wadda za ka iya kula da ita yadda ya kamata. Taura biyu ba ta taunuwa.

Duk abin da na faɗa a sama maganar kuɗi ce, kuma da maganar kuɗi ce kaɗai da ban ɗauki alƙalami ba, domin kai magidanci ne, asararka da ribarka naka ne. Abin da ya sa na rubuto daban ne. Zuwanku na ƙarshe, bayan kun shiga cikin gida, na zagaya ƙaramar motar na duba tayoyinta. Na gaba biyu zanensu ya kusa shafewa, na baya ɗaya kuma gefenta duk tsaga ne. Na durƙusa na karanta lambar da ke jikinsu. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a jere, biyun farko makon da aka yi ta, biyun ƙarshe shekarar, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta daɗe tana gargaɗin cewa taya ba ta wuce shekara huɗu daga ranar da aka ƙera ta, ko da zanenta yana nan kamar sabo. Naka sun ninka wannan. Na gane tayoyin Beljiyam ne ka saya saboda araha, kuma yanzu da na ji labarin gareji na gane inda kuɗin sababbin ya tafi. Ka raba ɗan abin da ke hannunka gida biyu, motar da ke kwance ta cinye kaso mai tsoka, wadda ke ɗaukar jikokina kuma ta samu ragowa.

Ban yi maka magana a ranar ba saboda iyalinka tana wurin, kuma ban so in kunyata ka a gabanta. Amma tun da kuka tashi har ka kira ka ce kun sauka, ban iya zama wuri ɗaya ba. Hanyar Kano zuwa Kaduna ta wuce kilomita 200, kuma a watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, kwalta tana gasa taya daga waje, iskar da ke ciki kuma tana kumbura ta. Sabuwar roba tana jure wannan. Tsohuwa da ta bushe ta tsattsage ba ta jurewa, kuma ba ta yin sallama kafin ta fashe. In ta gaba ce ta fashe kana cikin gudu, motar takan fizge gefe ɗaya, direba kuma abin da ƙafarsa take fara nema shi ne birki, wanda shi ne yake wuntsila motar. Abin da ake so shi ne a riƙe sitiyari da hannu biyu, a ɗage ƙafa daga totur, a bar ta ta rage gudu da kanta, amma mutum nawa ne yake tuna wannan a cikin ƙiftawar ido, ga yara suna kuka a baya? Ba sai na tuna maka haɗarin Kwanar Dangora ba. Kana da wayo a lokacin, ka ga abin da aka shigo da shi gidan nan, ka ga yadda 'ya'yan kawunka suka tashi a tsakaninku. Har yau in za mu wuce wurin mahaifiyarka sunkuyar da kai take yi. Kai da ka ga wannan da idonka, yaya za a yi ka ɗora takwarana da ƙannensa a kan irin waɗannan tayoyi?

A nan dole in faɗa maka abin da ba za ka so ji ba. Ban yarda cewa buƙata ce ta sa ka riƙe babbar motar nan ba. Gidanku ya yi watanni yana tafiya ba tare da ita ba, ba wanda ya fasa zuwa makaranta, ba wanda ya fasa zuwa aiki. Abin da ya hana ka sake ta shi ne abin da mutane za su ce: abokan aiki su ga ka sauko daga A Daidaita Sahu, surukai su ce an fara sayar da kaya, maƙwabta su ga wurin ajiyarta babu kowa. Ɗana, waɗannan mutane ba wanda zai biya maka kuɗin injin a cikinsu, kuma in wani abu ya faru a hanya, Allah ya kiyaye, iyakarsu su zo su zauna a tabarma su yi maka addu'a su tashi. Kunyar idon mutane ba ta kai a sa ran yaro a cikinta ba. Ban tarbiyyantar da kai a kan haka ba, kuma raina ya ɓaci da na ga ka fifita ganin ido a kan amanar da Allah ya ba ka.

Na san kuna cewa ni mai tsanani ne a kan abin hannu, kuma na san har yanzu kuna tuna shekarun da kuke matsuwa ku shida a cikin Peugeot 504, alhali wasu abokan aikina suna da biyu a ƙofar gida. Ina da halin ƙara wata a lokacin, na ƙi, kuma ina kan ra'ayina. Motar nan a Kakuri aka haɗa ta, can Kaduna inda kake zaune, kayanta suna ko'ina, kuma ban taɓa bari lokacin juye ya wuce ba, ban taɓa sa mata tsohuwar taya ba, birki kuwa da ya fara ƙara take kwana a wurin gyara. Abin da zan kashe wa ta biyu shi ne ya biya kuɗin makarantarku. Ta kai mu duk inda za mu, ta dawo da mu lafiya da ikon Allah, kuma ba wanda ya rage mini daraja a unguwa saboda motata ɗaya ce.

Zaman mota ɗaya yana da wahala, ba zan ɓoye maka ba, amma wahalar ta tsari ce. Abu na farko, ka tuna cewa ƙaramar motar ka riga ka ba iyalinka kyauta a gaban shaidu, saboda haka tata ce, ba ka da ikon ka wayi gari ka karɓe makulli ka mayar da ita taka. Ka zauna da ita ka faɗa mata halin da ake ciki ba tare da ɓoye-ɓoye ba, ka nemi yardarta, domin yarinyar kirki ce mai hankali, kuma ina kyautata zaton ta daɗe da ganin abin da nake gani, kunya ce ta hana ta faɗa. A ganina ita da yara su ne suka fi cancantar motar a ranakun aiki. Kai namiji ne kai kaɗai, za ka iya fita da wuri ka hau ta haya, ko ku haɗa kuɗin mai da abokin aiki da kuke unguwa ɗaya. Ranar da za a yi juye ko gyara a sa ta Asabar, kuma kowane wata ka ware wani abu na motar tun kafin ta nema, domin mai mota ɗaya ba shi da wadda zai koma wa in ta tsaya. Kuɗin da aka samu daga sayar da babbar kuwa, kafin ka taɓa shi da wata hidima, a fara da ƙaramar: birki, man birki, ƙafa, fitilu, duk a duba su a wurin bakaniken da ka amince da shi, kana tsaye a kansa.

Kada ka ɗauka ban ga ƙoƙarinka ba. Na san abin da kake aikowa gidan nan duk wata, na san kai ne ka ɗauki nauyin karatun ƙaninka ba tare da an roƙe ka ba, kuma na san zamanin da kuke riƙe gida a cikinsa ya fi namu tsanani. Faɗan da na yi maka tsoro ne ya kawo shi, kuma in ka kai shekaruna, ka ga ɗanka ya ja mota da 'ya'yansa ya hau babbar hanya, za ka san irinsa.

Tayoyi huɗu sababbi ni zan saya, kuma ba rance ba ne, kada ka yi mini musu a kai. Ka aiko mini da lambar girman tayar da ke rubuce a gefenta, in tura kuɗin cikin makon nan, kuma a wurin saye ka karanta shekarar kowace ɗaya da idonka kafin mai faci ya ɗaura. Kafin a yi wannan, ban yarda ka ɗauko yaran a motar nan zuwa Kano ba, ko da bikin 'yar baffanka ya zo. In ya kama, ka zo kai kaɗai a motar haya, ni zan ba da uzurin sauran. Ina jiran amsarka a kan maganar sayarwa, kuma in kana so in sa a nemo mai saye daga nan, ka faɗa mini.

Ka gaishe da iyalinka, ka shafa mini kan yara. Allah ya yi maka albarka, ya buɗa maka, ya tsare ku.

Wassalam,
Mahaifinka