Daga Jidda, game da baƙin sikirin ɗin nan naka

Jidda, daren Asabar

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya Hajiya da ƙafar tata? Ka gaishe ta da kyau, ka ce mata dabinon da man habbatus sauda suna hannun wani bawan Allah da zai taso in ya gama Umra, zai kira ka da zarar ya sauka Kano. Mu nan lafiya lau, sai zafi da gumi. Ka san Jidda, ka fito daga wanka, kafin ka kai bakin titi ka sake yin wani.

Na saurari saƙonka har sau uku, na kuma ga hoton da ka turo. Na fara amsa maka da murya, sai na ga na ci minti tara ban zo kan magana ba, na goge. Gara in zauna in rubuta, ka riƙa dubawa kana gaban kwamfutar.

Bari in fara da abin da ya hana ka barci. Ka ce kwamfutar nan da ba ta Apple ba, wadda kake son ɗora wa manhajarsu ta macOS, in ka kunna ta hoton tuffa yana fitowa, layin yana tafiya har wajen rabi, sai sikirin ya yi baƙi ƙirin, fanka kuwa tana ta juyawa. Katin hoton da ke jikinta ne, GTX 1060 ɗin nan. Ba lalacewa ya yi ba. Katunan Nvidia irinsa iyakarsu zubin macOS mai suna High Sierra na 2017. Tun daga zubin Mojave a 2018 Nvidia ba ta sake fitar da direban da zai tuƙa su a macOS ba. Ko ka yi sa'a hoto ya fito, za ka ga komai yana jan ƙafa, in ka duba bayanin na'urar ka tarar an rubuta maka wai 7 MB ne ƙwaƙwalwar katin. Zare shi gaba ɗaya, ka mayar da wayar sikirin jikin madabod. Furosesarka ta zubi na takwas ce, tana da nata ɗan katin hoto a ciki, UHD 630, kuma macOS ta san shi. Amma ka duba lambarta tukuna, domin waɗanda ke ƙarewa da harafin F ba su da shi. A cikin bayos, wato shafin saitin madabod, ka ba shi 64 MB a wurin da aka rubuta DVMT, ka kashe CSM da Secure Boot, ka tabbatar SATA tana kan AHCI. In bod ɗinka yana da DisplayPort ka fara gwada shi kafin HDMI, ya fi saurin ba da kai.

Sannan don Allah ka daina kallon tuffa. Saka -v a cikin umarnin tashi, sai ta riƙa zubo rubutu fari a kan baƙi maimakon hoton. Inda rubutun ya tsaya, nan ciwon yake. In yana gudu da sauri, ɗauke shi bidiyo da waya ka riƙa tsayarwa. Wancan hoton da ka turo min na baƙin sikirin, ni fuskarka kawai na gani a ciki da hular nan taka.

Ka san yadda abin yake aiki ai. Ita macOS ba ta yarda ta zauna sai a gidan Apple. Shi OpenCore, manhajar da ke tayar da ita, aikinsa ya tsaya tsakani, ya gabatar da akwatinka da sunan wata iMac, ya miƙa mata 'yan direbobi irin su Lilu da WhateverGreen da VirtualSMC don ta ji kamar tana gida. Mu nan muna tsokana muna cewa shi ne kafilinta, shi ya yi mata iƙama, wato takardar izinin zama. To duk wanda ke zaune da irin wannan iƙama ka san yadda zuciyarsa take, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Kwamfuta ta yi tari, ka ce manhajar ce. Ta yi atishawa, ka ce manhajar ce. Wannan zargin ya cinye min mako uku, shi ya sa nake son ba ka labarin tun kafin ka faɗa.

Lokacin da na gane katin Nvidia ba zai yi ba, sai na nemi katin AMD RX 580 na hannu. Tun da aka daina haƙar kuɗin kirifto na Ethereum da katin hoto a Satumban 2022 suka cika kasuwa, suka yi araha. Na sa shi, hoto ya fito tangaram, manhajar haɗa bidiyo ta Final Cut tana gudu kamar ruwa, har na yi sujudar godiya. Sai ranar da na zo fitar da bidiyon wani biki da aka yi a nan cikin 'yan'uwanmu, aikin awa biyu. Ta kai kashi talatin da wani abu, ɗif! Ta mutu. Ba gargaɗi, ba rubutu, kamar an ɗauke wuta, alhali mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana ta hurawa, fitilar ɗaki tana ci. Na kunna, na sake. Ɗif. Uwar amarya tana kirana safe da yamma, ina ta cewa in sha Allahu gobe, Hajiya.

Me ban yi ba? Na sauya sunan Mac ɗin da take amsawa. Na sabunta WhateverGreen, na koma tsohon. Na sauko daga wannan zubi na macOS zuwa wancan. Fayil ɗin saiti kuwa, wato config.plist, na kwakkwance shi na ɗaure har na daina sanin abin da na taɓa da wanda ban taɓa ba. Wani dare na canza abu biyar a lokaci guda, ta ƙi tashi ma sam, sai wata da'ira da aka ja wa layi a tsakiya, irin alamar nan ta ba shiga. Ƙarfe uku na dare ina zaune a ƙasa da gajeren wando, uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, wannan kishiyar tawa dai ba ta da tausayi." Ban ma iya dariya ba.

Da na gaji, na ɗauke ta a bayan mota na kai ta titin Khalid bin Walid, inda shagunan kwamfuta suke. Akwai wani dattijo a can, Bahaushen Sudan ne, iyayensa sun taso daga wajen Mai Wurno, Hausarsa da gardin Larabci a ciki. Bai taɓa haɗa irin wannan aiki ba, shi da bakinsa ya ce bai san OpenCore ba. Na tsaya ina zuba masa bayani, yana kurɓar shayinsa. Da na gama sai ya ce, "Ɗana, da Windows ma tana yi?" Na yi shiru. Ina da Windows a faifai na biyu, amma ban taɓa ba ta aiki mai nauyi a can ba tun da na canza kati. Ya kunna ta a Windows, ya sa wata manhaja mai matse katin hoto. Ko minti biyar ba a yi ba, ɗif.

Ya kwance murfin gefe, ya sunkuya, ya shinshina kamar mai sayen turare. Ya zaro 'yar wayar da na yi dabara da ita. Ka ga shi GTX 1060 wat 120 yake ci, da filogi mai baki shida. RX 580 kuwa wat 185 ne, kuma nawa mai baki takwas ne. Tsohon akwatin wutata ba shi da mai takwas, sai na sayi 'yar mahaɗa na jona. Robar bakinta ta yi ruwan ƙasa, ɗaya daga cikin ƙarafan ya yi baƙi, tana warin ƙonannen gashi. Da zarar katin ya ja wuta da ƙarfi sai akwatin wutar ya kasa ɗauka ya yanke, don ya tsira da kansa. Ya ce, "Ka gode wa Allah da yankewa yake yi." Na sayi sabon akwatin wuta mai ƙarfi a nan take, bidiyon ya fita a daren. Kuɗin aikinsa ma ƙin karɓa ya yi, ya ce in kawo masa yajin ƙuli in wani ya zo daga gida. Ka sa wannan a lissafinka.

Da na natsu sai na ga alamar tana gabana tun farko. In macOS ce ta rikice, yawanci takan sake tashi ta nuna maka rahoton abin da ya faru. Mutuwar da ba ta bar wasiyya ba, sai a fara neman ta a wuta da zafi da ram. Don haka kafin ka taɓa fayil ko ɗaya, ka sa Windows ko Linux, ka matsa wa injin na awa guda, ka tabbatar ƙarfen kansa lafiya yake. Ku da wutarku ke rawa, ga janareto ga inbata, wannan ya fi zama dole a kanku.

Tun daga ranar na koyi abu biyu. Ina da filashi guda da na ɗaura wa jan zare, a ciki akwai kwafin EFI, wato jakar fayilolin OpenCore, wanda na san yana tashi. Ba na taɓa shi sai ranar wuya. Sannan ina da ɗan littafi irin na mai kanti, duk abin da na canza in rubuta, kuma abu ɗaya tak nake canzawa kafin in sake kunnawa. Yana da cin rai, amma ya fi zaman ƙarfe ukun dare.

Abin da zai biyo baya a wurinka, ina kyautata zato, ramukan USB ne. macOS ba ta ƙirga fiye da 15 a kan kowane mai kula da su, kuma duk rami mai shuɗin baki biyu ake lissafa shi, tsohon gudu da sabo. Ga na cikin akwati da ba ka gani, irin wanda Bluetooth yake rataye a kai. Da can akwai saitin da ke ɗage wannan iyaka, amma daga Big Sur 11.3 ya daina zama abin dogaro. Mafita ita ce ka zana taswirarsu da manhajar USBToolBox daga cikin Windows: filashi tsoho da sabo, ka bi rami ɗaya bayan ɗaya kana sokawa kana zarewa. Ni ina kwance a bayan akwati da fitilar waya a baki, ɗan autana yana gaban sikirin yana faɗa min lambar da ta canza launi. Na cikin akwatin ka yi musu alamar na ciki ne. In ba ka yi ba, za ka sa ta barci ta farka nan take, fitilu su kama, fanka ta tashi, tsakar dare ba wanda ya taɓa ta.

Sauti ba shi da wahala, direban AppleALC ne da gwada lambobin alcid ɗaya bayan ɗaya har lasifika ta yi magana. Wi-Fi kuma, kada ka kashe kuɗi kan katunan Broadcom da ake yabo a da, Sonoma ta 2023 ta ajiye su. Ja waya daga rauta ka huta.

Akwai wani ƙaramin abu da ya kusa sa ni jin kunya. Ita macOS tana ajiye agogon bod a kan lokacin duniya na Girinwic, Windows kuma tana ɗaukar abin da ta tarar a matsayin lokacin garinku. Mu nan awa uku muke gaba. Ranar nan na dawo Windows ina lissafi, ina kallon agogon kusurwa yana cewa sha biyu da wani abu, sai na ji ladan. Na ce yau an yi saurin kiran azahar, ashe la'asar ce. Ku awa ɗaya ce za ta ɓace muku, wadda ta fi saurin yaudarar mutum. Ana gyarawa da ƙara RealTimeIsUniversal a rajistar Windows.

In za ka sayi RX 580 a can, ka kula da wanda aka rubuta wa 2048SP. Suna ɗaya, amma lambar shaidarsa daban ce, macOS ba ta karɓarsa haka nan. Ka ce mai shago ya kunna maka ka ga bayaninsa da idonka, ka kuma leƙa akwatin wutarka kafin ka biya.

Sai maganar da ka ɓoye a ƙarshen saƙonka, wai in ta yi kyau za ka riƙa haɗa wa masu aikin fim kana sayarwa. Mutumina, ban goyi baya ba. Sharaɗin Apple a rubuce yake, manhajar ta na'urorinsu ce kaɗai. Wani kamfani a Amurka, Psystar, ya gwada sayar da irin waɗannan, aka maka shi kotu a 2008, a 2009 alƙali ya hana shi. Ni kaina ban ce abin bai taɓa yi min kaikayi a zuciya ba, duk da a ɗakina nake amfani da ita. Ko ka ajiye wannan gefe, kasuwar ta kusa tashi. Tun Nuwamban 2020 da Apple suka fito da tasu furosesar M1 suka kama hanyar barin ta Intel, a Yunin 2025 kuma suka faɗa a fili cewa macOS 26, wato Tahoe, ita ce ta ƙarshe da za ta hau kan Intel. Ka sayar wa mutum yau, gobe ya danna sabuntawa, jibi yana ƙofar gidanka da akwati a ka, kana cin tuwo. Kayan da ke hannunka ka yi wasa da su, za ka koyi abin da ba a koyarwa a aji. Amma sabon kuɗi kada ka zuba. Ni ma tara nawa nake yi a hankali, in sun cika in ɗauki ƙaramar Mac mini, wannan kuma in bar wa yara su yi karatu da Windows.

Ka zare katin, ka sa -v, ka turo min hoton layin ƙarshe da sunan bod ɗinka daidai yadda yake a rubuce a jikinsa. Bayan isha'inku nake samun sarari, lokacin nan an kusa sha ɗaya. Ka gaida uwargida da yara, ka gaida 'yan majalisar bakin shago, ka ce wa mai shayi ban manta da bashin ba. Yajin dattijon nan kuma a sa citta da yawa.

Wassalam,
Naka amini.