Renon 'Yan Wasa Da Riƙe Su: Tsokaci Kan Ƙungiyar Pirates

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafinku na wasanni domin in yi magana kan besbol, ƙwallon da ake jifa ana bugunta da sanda, wasan da magoya bayansa ba su da yawa a wannan yanki namu, amma akwai mu 'yan tsiraru a nan Garwa da muke hana idanunmu barci saboda shi, domin wasan da aka soma da ƙarfe bakwai na yamma a gabashin Amurka, da tsakar dare yake riskar mu.

Ƙungiyar Pittsburgh Pirates nake goyon baya, kuma ina da dalili. Ita ce ta ɗauki Gift Ngoepe, ɗan Afirka ta Kudu, a 2008, ta rene shi a ƙananan ƙungiyoyinta kusan shekara tara, har a watan Afrilun 2017 ya zama haifaffen nahiyar Afirka na farko da ya buga a babbar gasar besbol ta Amurka, wato MLB. Haka tsarin wasan yake. Yaro ba ya faɗa wa babbar gasa kai tsaye, sai ya hau matakala huɗu ko biyar, a kowane mataki ana gwada ƙarfin hannunsa da kaifin idonsa, kafin a yarda cewa zai iya jure kakar da kowace ƙungiya ke buga wasa 162 a cikinta.

Muhawarar da ta sa na ɗauki alƙalami ta taso ne a majalisarmu ta shayi, tsakanina da wani abokina malamin makaranta, mai goyon bayan Los Angeles Dodgers. A ganin Malam, maganar renon 'yan wasa rarrashin kai ne kawai na ƙungiyoyin da ba su da kuɗi, kuma hujjarsa ita ce Dodgers ta ba tauraron ɗan wasan Japan, Shohei Ohtani, kwantiragin dala miliyan 700 na shekara goma, sannan ta ɗauki kofin World Series na zakaran gasar a 2024 da 2025. Ban musa masa ƙarfin kuɗi ba, amma na tuna masa cewa ita ma Dodgers ɗin reno take yi. Clayton Kershaw, wanda ta zaɓa yana matashi a 2006, bai taɓa sanya rigar wata ƙungiya ba har ya yi ritaya a 2025, kuma ta kafa makarantar horar da yara a Uganda, inda ta ɗauki matasa biyu a 2022. Abin da ya raba ta da tamu shi ne, in ta shuka, ita ke girbe amfanin.

A nan ne zuciyata ke ɓaci. Pirates ta zaɓi Gerrit Cole a matsayi na ɗaya a zaɓen matasan 'yan wasa na shekara-shekara a 2011, ta sha wahalar gyara shi, sannan a farkon 2018 ta miƙa shi ga ƙungiyar Houston Astros, kuma da ya lashe kambun Cy Young na gwarzon mai jifa a 2023, rigar New York Yankees ce a jikinsa. Mu mutanen Garwa mun san wannan ciwon, domin ƙungiyarmu ta ƙwallon ƙafa, Coton Sport, ce ta rene mana Vincent Aboubakar, ya tafi Valenciennes ta Faransa a 2010. Sai dai Coton Sport tana da uzuri, tun da ba za ta iya gogayya da albashin Turai ba, alhali Pirates tana cikin gasa ɗaya da Dodgers, kuma tana karɓar kasonta na kuɗin da ake raba wa ƙungiyoyi talatin ɗin.

Yanzu ga wani mai jifa, Paul Skenes, a hannunmu. An zaɓe shi na ɗaya a 2023, ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa a 2024, ya ɗauki Cy Young a 2025, a shekarar da abokan hamayya ba su iya samun ko maki biyu a kansa ba a kowane zagaye tara, wato tsawon wasa guda, in aka yi matsakaicin lissafi. Duk da haka nasara 10 da rashin nasara 10 aka rubuta masa, saboda masu bugun ƙwallo na ƙungiyar sun kasa kawo maki, har aka ƙare kakar da nasara 71 kacal a ƙasan teburin rukuninmu. Doka ta ba ƙungiya ikon riƙe ɗan wasa shekara shida kafin ya sami 'yancin zaɓar inda zai je, kuma shekarun nan tafiya suke yi.

Saboda haka hasashena kan kakar 2026, mai buɗewa a ƙarshen Maris, ba mai zaƙi ba ne. Masu jifa sun isa su riƙe ƙungiyar cikin takara, amma in ba a kashe kuɗi an sayo masu bugu biyu ko uku da suka ƙware ba, ban ga yadda za mu shiga wasannin neman kofi na ƙarshen kaka ba, waɗanda rabonmu da su tun 2015. Na dai yi wa Malam alkawarin shayin wata guda in Pirates ta kasa cin rabin wasanninta, wato 81, shi kuma ya ce har burodi zai haɗa mini in ta ci.

Ina kuma roƙon ka, ya Edita, ka riƙa saka mana sakamakon wannan gasa ko da layi uku ne a mako.

Mai karatunku,
daga Garwa, Arewacin Kamaru